Birnin Ƙarfe Ba Shi Da Ƙofa

"Wai shi mijin yarinyar nan, da wa yake yaƙi ne kullum a cikin ɗaki?"

Gwaggo ce ta yi tambayar a bakin famfo tana ɗauraye kwanuka. Ba ta san Amarya tana bayan igiyar shanya ba, zanin gado ya kare ta.

"Da kansa mana," in ji matar Direba. "Jiya da kunnena na ji yana cewa a kamo masa sarkin kogi da rai."

"A'uzubillahi. Kuma ba a kai shi an duba ba?"

Amarya ta tsaya cak da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ta ƙi ko motsi har sai da suka kwashe kwanukansu suka bar wurin. Shekararta biyu a gidan hayar nan, amma har yanzu Amarya ake ce mata, don ba ta taɓa ɗaga murya yadda za a sake mata suna ba.

Mijinta kuwa Injiniya ake kiransa. Gyaran fanka da dutsen guga yake yi a wata 'yar rumfa a bakin titi, kuma in ya natsu ya iya aikinsa. Natsuwar ce ba ta zama. Bara ya haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai da tsohon dutsen guga, ya tara mutanen gida su ga 'yan tsaki, aka buɗe aka tarar ƙwai talatin sun dahu luguf. A ranar Yaya yana nan, wato wan Amarya, mai shagon buga littattafai. Ƙwai ɗaya ya ɗauka ya ɓare, ya nemi gishiri. Har yau in Amarya ta tuna sai ta ji kunnuwanta sun yi zafi.

Bana wasa Injiniya ya ƙirƙiro. Wasan yaƙin sarakuna, na zamanin takobi da garkuwa, da littafin dokoki da tarihi shafi arba'in, duk da hannunsa ya rubuta. Wata huɗu yana abu ɗaya. Kuma ya matsa wa Yaya lamba har Yaya ya gaji ya ce, "Na ji. Ranar Asabar zan zo. In aka buga wasan nan daga farko har ƙarshe ya tafi yadda ka rubuta, zan buga maka littafin a injina. In ya zama irin na ƙwai, kada ka ƙara tare ni da wata magana sai gaisuwa."

Amarya ba ta damu da littafi ba. Abu ɗaya take so a ranta: sau ɗaya dai mijinta ya tashi daga gaban Yaya da kansa a sama.

Taswirar wasan ita aka ba ta ɗinka, a kan sabon zanin gadonta fari. Injiniya ya zana da fensir, ita ta bi da zare. Kogi shuɗi, tudu kore, ramin gishiri fari-fari, ƙauyen manoma a gefe. A tsakiya ga Birnin Ƙarfe, birninsa, da baƙar ganuwa zagaye. Ta bi ganuwar da allura tun daga inda ta fara har ta dawo wurin, ba ta ci karo da ko 'yar kafa ba.

Karatunta bai yi nisa ba, amma tana karatu a hankali, da yatsa, ba ta tsallake layi. Kuma ta karanta doka ta bakwai.

"Maigida," ta ce ƙasa-ƙasa, "wannan birnin ta ina ake shiga?"

Injiniya ya yi dariya har da buga cinya. "Kin ga inda basira take ke nan! Ba a shiga. Duk birnin da aka ci a tarihin duniya ta ƙofa aka ci shi. Ni kuwa na cire ƙofar gaba ɗaya. Shekara dubu sarakuna suna gina birane, ba wanda wannan ya zo wa a kai sai ni."

"To amma..."

"Ke dai yi ɗinkinki. Harkar yaƙi ba harkar allura ba ce."

Ta yi ɗinkinta. Amma washegari da ya tafi rumfa, ta ɗauko zare ruwan ƙasa, ta je bayan ganuwar, ta ɓangaren da ke kallon ƙauyen manoma, ta warware baƙin zare kaɗan ta ɗinka wata 'yar ƙofa. Ba ta fi ƙwayar wake girma ba. Har da ɗan bakanta a sama. Ta goge zanin ta ninke.

Ranar Asabar bayan azahar aka shimfiɗa taswira a kan tebur a inuwar tsakar gida. Sojoji notuna ne da Injiniya ya kwaso daga rumfa, tutoci na takarda, abincin runduna ƙwayar wake a cikin kwano. Direba ya zo, Mai Aski ya zo. Mutum na uku da aka gayyata ya aiko cewa haƙori ya tasar masa, don haka aka roƙi Gwaggo ta cike gurbi. Ta yarda ne kawai don kujerar da aka ba ta tana da makari. Yaya ya zauna a gefe, littafin a kan cinya, jan biro a hannu, kamar yadda yake zama in zai duba rubutu kafin a sa a inji.

Sai ga Injiniya ya fito daga ɗaki da bargo a kafaɗa da kambi a ka.

Direba ya ƙura wa kambin ido. "Tsaya. Wannan ba ragar fankata ba ce?"

"Kambin Birnin Ƙarfe ne."

"Wata biyu ke nan da na kawo maka fankar nan gyara! Kullum ka ce kana jiran kaya!"

"Ga fankarka can na kafa muku don ku sha iska. Wuta ce babu. Zauna, tarihi za a karanta."

Ya karɓi littafin daga hannun Yaya, ya gyara murya.

"Shekara ɗari takwas da suka wuce, a wata muguwar damina, mura ta kama dawakin duniya suka mutu kaf. Daga nan tarihi ya sauya hanya. Sarakunan da suka ci ƙasashe da dawaki suka rasa abin hawa, suka koma kan jakuna da bijimai..."

"Doki yana mura?" in ji Mai Aski.

"A tarihina yana yi."

"To jakunan me ya hana su?"

"Shafi na sha biyu zai yi bayani. A daina katse ni."

Ba a daina ba, shi ma bai daina ba. Ya karanta yadda kakan kakansa na cikin wasa ya narka takubba dubu ya zuba harsashin birni. Ya karanta tsawon ganuwa, da jarumtar mutanen ciki, da sunayen jakunan yaƙi goma sha ɗaya. A shafi na tara Gwaggo ta fara gyangyaɗi. A shafi na sha huɗu Direba ya yi minshari ɗaya mai ƙarfi har shi kansa ya farka. Yaya ne kaɗai bai ƙifta ba. Amarya ta lura da shi, kuma wannan ya fi minsharin tayar mata da hankali.

Aka zo kan dokoki.

"Doka ta ɗaya," in ji Injiniya. "Duk wanda ya zauna a teburin nan ya tashi daga shi. Kai Direba, Sarkin Kogi ne. Kai Mai Aski, Sarkin Gishiri. Gwaggo, ke ce Sarauniyar Tudu. Ba mai magana sai da bakin sarautarsa, kuma ranka ya daɗe za a riƙa ce wa juna. Wanda ya saɓa, a cire masa soja ɗaya."

"Ni zan ce wa wannan ranka ya daɗe?" Gwaggo ta nuna Direba da haɓa. "Yaron da na sani yana yawo ba wando?"

"Soja ɗaya, Sarauniya."

"Kwashe duka. Me zan yi da noti, miya?"

Doka ta bakwai ta ce kowane zagaye manoma za su kai wa kowane birni wake uku ta hanya, su shigar ta ƙofa, kuma birnin da abinci bai shigar masa ba, sojojinsa biyar za su watse. Doka ta takwas ta ce manoma ba sa magana, don a tarihi ba a taɓa jin ta bakinsu ba. Aka miƙa wa Amarya kwanon wake: ita ce manoma.

"An dace," in ji matar Direba daga bakin ƙofarta. "Dama ba ta yi."

"Sai doka ta ƙarshe," Injiniya ya ɗaga yatsa. "In aka yi gardama a kan taswira, abin da mai wasa ya faɗa shi ne, kuma in ya faɗa ya faɗu. Ko shi kansa ba zai janye ba."

"Wannan kuma don me?" Yaya ya tambaya. Maganarsa ta farko ke nan.

"Don kada a ce ina son kai, Yaya. Ni mutum ne mai adalci."

Yaya ya karɓi littafin, ya ja layi a ƙarƙashin dokar da jan biro.

Aka jefa ɗan lido, yaƙi ya tashi. A zagayen farko Amarya ta bi da kwano: uku ga Kogi, uku ga Gishiri, uku ga Tudu. Da ta iso Birnin Ƙarfe sai ta zagaya ta baya, ta tura wakenta uku da ɗan yatsa ta 'yar ƙofar nan, ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ya share su zuwa gabansa ko kallo bai yi ba, yana tsakiyar bayyana wa Mai Aski yadda ake jera rundunar jakuna. Ta saki ajiyar zuciya.

Ana zagaye na biyu wuta ta dawo. Fankar Direba, wadda ba raga, ta tashi da wani irin gurnani ta kwashe tutocin dauloli huɗu ta watsa su cikin kwatami. Shafuka uku na tarihi suka haye katanga. Injiniya ya bi su da gudu, bargo ya harɗe masa ƙafa, ya dafe kambi da hannu biyu don kada ya faɗi, ya danna shi har kan kunnuwa. Da ya dawo yana haki ya ce wannan guguwa ce, kuma dama tana cikin tsarin wasa.

"A wane shafi?" in ji Yaya.

"A cikin waɗanda suka tashi."

Ana zagaye na uku kazar Gwaggo ta yi tsalle ɗaya ta dira a Daular Kogi, ta tsince wa Direba rumbunsa tas kafin a ce kit.

"Wallahi ba zan yarda ba!" Direba ya miƙe. "Gwaggo, ki ɗaure kazarki!"

"Sarauniya za ka ce, mara kunya. Kuma wa ya ce maka kaza ce? Rundunata ce. Ai ka ji mai wasa ya ce kowa ya tashi daga shi."

Yaya ya ɗaga kai. "Tana da gaskiya. Doka ta ɗaya ba ta ware kaji ba."

Tsakar gida ta ɗauki dariya, don zuwa lokacin mutane sun fara taruwa. Masu ɗakunan baya sun fito da kujeru, mai shagon ƙofar gida ya leƙo ya kasa komawa. Injiniya ya ɗauka dariyar ta jin daɗin wasa ce, ya ƙara buɗe kafaɗa.

Direba kuwa da ya rasa wake sai ya huce a kan Mai Aski. Ya tura jakunansa ramin gishiri.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Gishiri, yau zan rama askin da ka yi min a watan jiya, wanda ya sa na kwana shida da hula."

"Ranka ya daɗe, Sarkin Kogi, kan da ka kawo ne a karkace. Ni ba magini ba ne."

"Babu aski a ƙarni na sha uku!" Injiniya ya buga tebur. "Soja ɗaya kowannenku!"

"To da me suke rage gashi, ranka ya daɗe? Da haƙori?"

Suka yi ta gwabzawa har notunan Direba suka kusa ƙarewa, na Mai Aski suka rage shida. Shi kuwa Injiniya yana zaune a bayan ganuwa da sojoji talatin cif, ko ɗaya bai motsa ba, yana ta murmushi yana shafa bargo.

"Ku gama cinye junanku," yake cewa. "Birnin Ƙarfe yana kallo. Yaya, ka dai fara tanadin takarda."

Amarya ta ji wani sanyi a ranta. Saura zagaye kaɗan a ƙare, wanda ya fi sojoji shi ya ci. Wasan yana ɗingishi, amma yana tafiya.

Sai dai Mai Aski mutum ne da ya saba neman silin gashi ɗaya a ƙeyar mutum. A zagaye na biyar, da ta tura wakenta, idonsa ya bi yatsanta. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa zanin.

"Af! Ashe da ƙofa!"

"Wace ƙofa?"

"Ga ta nan a baya, 'yar mitsitsiya. Ranka ya daɗe, Sarkin Ƙarfe, ga ni nan tafe." Ya jera notunansa shida a bakinta.

Amarya ta duba: shida ne a kan talatin. Ko da ido rufe mijinta zai murƙushe su a bakin ƙofar, ya ci wasa, Yaya ya buga littafi. Abin da ya rage masa kawai ya ce to, bismillah, shigo.

Injiniya ya leƙa. Fuskarsa ta sauya. Ya dubi jama'ar da ya shafe awa guda yana gaya musu cewa birninsa ba ƙofa.

"Wannan ba ƙofa ba ce."

"To mece ce? Har da baka a sama."

"Kuskuren ɗinki ne. Zare ne ya ƙare mata ta cike da wani. Kun san mata da taswira."

Amarya ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe, har sauti ya fara fita. "Maigida, ai..."

"Doka ta takwas!" ya daka mata tsawa. "Manoma ba sa magana!"

Ta rufe.

Yaya ya dubi 'yar ƙofar, ya dubi ƙanwarsa. Sannan ya juya ga surukinsa, muryarsa a kwance.

"Injiniya, ka duba da kyau. Ni dai ƙofa nake gani. Kuma ɗinkin ya yi kyau."

"Yaya, ni na gina birnin nan."

"Ba na musu. Amma in ka ce ƙofa ce, ba wanda zai ce don me."

"Shafi na uku, layi na farko: Birnin Ƙarfe ba shi da ƙofa, bai taɓa yi ba, ba zai yi ba. Na faɗa da bakin mai wasa, bisa doka ta ƙarshe. Ba ƙofa ba ce!"

"Ka tabbata?"

"Ko a gaban alƙali!"

Ya dubi jama'a yana jiran tafi. Mai Aski ya janye notunansa yana ƙunƙuni. Yaya ya rubuta wani abu a gefen shafi.

Zagaye na shida. Uku ga Kogi, uku ga Gishiri, uku ga Tudu. Amarya ta iso Birnin Ƙarfe da wake uku a tafin hannu, ta tsaya. Ta yi ƙoƙarin ajiye su a ciki da sauri, ko Allah zai sa ba a kula ba.

"Auta," in ji Yaya, don haka yake kiranta tun tana ƙarama. "Ta ina?"

Hannunta ya tsaya a sama.

"Ta ina me?" in ji Injiniya. "Ba ni abincina."

"Doka ta bakwai. Ta hanya, su shigar ta ƙofa. Wace ƙofar?"

Har fanka kamar ta rage gurnani. Amarya tana kallon fuskar mijinta lokacin da maganar ta isa inda za ta isa, kuma ta ɗauki lokaci a hanya.

"To... ai sai su jefo ta saman ganuwa."

Yaya ya lashi yatsa ya buɗe shafi. "Shafi na biyar. Tsawon ganuwar ya kai in tsuntsu ya taso zai haye, sai ya gaji a rabi ya koma gida."

"Su haƙa rami ta ƙasa!"

"Shafi na shida. An zuba harsashin da narkakkun takubba dubu, ko gara ba ta huda shi."

"To muna noma a ciki! Akwai lambu a bayan fada!"

"Shafi na tara. A Birnin Ƙarfe ba manomi, ba makiyayi, ba mai tallan ko albasa. Kowa jarumi ne, har jarirai."

"Har jarirai!" Gwaggo ta tafa hannu. "Allah Sarki, 'ya'yan mutane. Su sha takobi."

Aka cire notuna biyar. Injiniya ya share gumi da gefen bargo.

"Shi ke nan. Tunda abin ya zama haka, Birnin Ƙarfe zai fito yaƙi. Runduna, a ɗaura wa jakuna sirdi! Sarkin Gishiri, ka shiga uku!"

Ya tattaro sojojinsa ashirin da biyar da hannu biyu, ya turo su har bakin ganuwa.

"Ranka ya daɗe," in ji Mai Aski a ladabce, "ta ina za ku fito?"

Nan fa tsakar gida ta fashe. Direba ya zame daga kujera yana riƙe da ciki. Matarsa ta shiga ɗaki da gudu ta fito tana share hawaye. Mai shago ya koma ƙofar gida yana kiran masu wucewa su zo su ga sarkin da ya kulle kansa.

"Ƙofa ce!" Injiniya ya yi ihu yana nuna zaren. "Na sake dubawa, ƙofa ce! Ga baka nan a sama, kowa yana gani!"

Yaya ya juya littafin ya nuna masa layin da ya ja da jan biro. "In ya faɗa ya faɗu. Ko shi kansa ba zai janye ba. Kai mutum ne mai adalci."

"To a rusa ganuwar!"

"Shafi na bakwai."

Bai ma tambayi abin da shafi na bakwai ya ce ba. Shi ya rubuta.

Sauran wasan bai ɗauki lokaci ba. Kowane zagaye Amarya ta zo ta tsaya a bayan ganuwa da wake uku, ta koma da su, a cire biyar. Ba wanda ya kai wa Birnin Ƙarfe hari. Ba wanda ya ko kalle shi. Mai Aski da Direba suka ƙarasa juna a bakin kogi a kan maganar hula. Da aka cire notuna biyar na ƙarshe, Yaya ya duba tebur ya ce Sarauniyar Tudu ce ta ci duniya, da soja huɗu da kaza ɗaya.

"Ni?" in ji Gwaggo. "Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba."

"To ai haka ake zaman duniya. A ba ni waken in jiƙa."

"Sarauta ta koma Tudu, a miƙa kambi!" Direba ya ce. "Kuma daga nan a mayar min da shi jikin fankata."

Injiniya ya kama kambi ya ja. Bai fito ba. Ya murɗa hagu, ya murɗa dama, waya ta kama gashi ta riƙe kunne. Direba ya ja ta gaba, mai shago ya ja ta baya, Injiniya yana salati. A ƙarshe a kan turmin wanki aka zaunar da Sarkin Ƙarfe, a gaban kowa da kowa, Mai Aski ya ɗauko almakashi da filaya ya yi aikinsa. Da aka ɗaga kambin, an bar masa wata hanya fara tas daga goshi har ƙeya.

"Ga ƙofa na buɗe maka, ranka ya daɗe," in ji Mai Aski. "Wannan kyauta ce."

Yaya ya rufe littafi ya ajiye a kan tebur, ya sa bironsa a aljihu.

"Injiniya, sai gaisuwa ke nan."

"Yaya, gyara kaɗan ne. Layi ɗaya ne."

"Ina wuni," in ji Yaya. "Ya iyali?"

Amarya ta raka shi zaure kanta a ƙasa. A bakin ƙofa ya tsaya yana gyara takalmi, ya daɗe yana gyarawa.

"Auta, zaren nan ruwan ƙasa. Da gaske baƙin ne ya ƙare miki?"

Ta dubi yatsun ƙafarta. "Ka gaida su Umma."

Ya yi wani ɗan murmushi, ya girgiza kai, ya tafi.

Kafin magariba tsakar gida ta watse. Amarya ta tsince notuna ta zuba a gwangwani, ta kakkaɓe zanin, ta shiga da shi ɗaki. Injiniya yana zaune a bakin gado da hula har gira, ya zuba tagumi. Ta haɗa masa shayi ta ajiye a gabansa. Ya kurɓa sau biyu, kafaɗunsa suka fara dawowa inda suke.

"Kin san me ya kashe ni yau?"

Ta girgiza kai.

"Rashin mashawarci. Wata huɗu ina aikin nan ni kaɗai. Da a ce akwai mutum ɗaya mai hankali a gidan nan da zai ce min, Injiniya, birnin nan ta ina ake shiga, da yanzu Yaya yana ɗora takarda a inji." Ya sake kurɓa. "Ke ma da idonki kika zagaye ganuwar nan da allura, ko ki ce uhm. Amma ba laifinki ba ne, ba fanninki ba ne. Gobe ki warware min wannan kuskuren naki, shi ya fara jawo ido. Ina da wani sabon tsari. Ganuwa biyu."

"To," ta ce.

Ta shimfiɗa zanin a kan cinyarta. Ga 'yar ƙofar nan, da ɗan bakanta a sama, ɗinki goma sha biyu da ta yi da hannu don keke ba zai iya ƙanƙanta haka ba. Ta shafa ta da babban yatsa. Maganar ta taso mata har maƙogwaro. Ta ɗago ta dube shi: ya riga ya jawo fensir yana zana da'ira a bayan kwalin sukari, harshe a waje, hular ta zame ta nuna farkon hanyar da Mai Aski ya buɗe.

Ta haɗiye. Gwaggo za ta tambaya gobe a bakin famfo, Yaya zai sake gwadawa in ta je gida, shi kuma wannan ko an gaya masa shafi na uku zai buɗe. Ta ninke zanin yadda ƙofar ta shige can ciki, ta sa a ƙasan akwati, ta ƙudura a ranta cewa ba mai ji daga bakinta. Manoma ba sa magana.